An Ba Ni Haƙuri

A garinmu mutum ba ya yin laifi. Akwai wani bawan Allah da ake kira An, shi ke yin komai. An fasa tulu. An bar ƙofa a buɗe awaki sun shiga. An sha da yawa an zagi mutane a gidan biki. Tun ina yarinya nake jin aika-aikar An ɗin nan, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban san inda uwarsa take aure ba. Ban kuma damu da shi ba sai da ya kashe mini 'ya.

Sunana Fibi. Na yi aure a wata unguwar manoma kusa da Ƙarfi, gida irin na da, wa da ƙane cikin katanga ɗaya. Ƙanen shi ne mijina, Monday. Wan kuma Sanda. Na san bai dace in kama sunayensu gatsal haka ba, shekara da shekaru Maigida nake cewa da Yaya. Amma kunya ta ci mini abin da ta ci, ba zan ƙara mata loma ba.

Angela ce 'yata ta fari. Tana aji biyu a firamare, baƙa, siririya, mai surutun tsiya. Saboda ta fari ce ban taɓa kiran sunanta tana da rai ba. Haka na taras iyayenmu na yi, shiga majami'a bai raba mu da wannan ba. "Ke" nake ce mata, in ina cikin mutane in ce "yarinyar nan". Ta taɓa tambayata ko na manta sunan ne, na kai mata duka da ludayi tana dariya.

Ɗakin da take kwana da ɗakin ajiyar Sanda jere suke, kwano ɗaya ya rufe su, bangon tsakani kuma bai kai sama ba. In ɓera ya yi atishawa a can sai ka ce masa sannu daga nan. A shekarar masara ta yi kyau. Sanda ya sayi ta mutane ya ƙara a kan tasa, ya jibge buhuna yana jiran tsada. Mai ajiya irin wannan ba ya rabuwa da ƙwayar nan ta kashe ƙwarin hatsi da muke kira bom. Ƙulle ta ake a tsumma a cusa cikin buhu, a garƙame ɗaki, ita kuma ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ko yaron goye ya san ba a kwanciya kusa da ita.

Da na ga buhuna sun taru na je na durƙusa na ce, "Yaya, ran da za a sa maganin a faɗa mani, in ɗauke yarinya."

Ya ce, "Sai bayan Lahadi. Zan faɗa maki."

Ranar Juma'a Angela ta tashi da zazzaɓi. Na ba ta magani, na lulluɓe ta, na ja mata ƙofa saboda hayaniyar kaji. Mun riga mun gayyato matan unguwa cirar auduga a gonarmu ta nesa, ba dama in ƙi zuwa. Na saɓa goyona na tafi. Ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi, tun daga zaure kuwa warin ya tare ni.

Na same ta a ƙasa ta yi amai har ta gaji. Ta ce, "Mama, ƙirjina." Monday ya ɗauko babur, na rungume ta a tsakiya muka nufi asibiti a Malumfashi. Likitan da ya duba ta ya sunsuna rigarta ya ɗago kai.

"Maganin hatsi ne. Wa ya sa shi kusa da yarinya?"

Monday ya sunkuyar da kai ya ce, "An dai sa, likita."

Washegari kafin azahar ta cika.

Akwai wata Hajo, Musulma ce daga unguwar da ke ƙetaren rafi, mai yin awara, a gidanmu take sayen waken suya. Ranar da aka binne Angela ta ja ni bayan rumbu tana kuka. Ta ce da hantsin Juma'ar tana tsakar gidanmu ana auna mata wake, ta ga Sanda yana ɓare ƙwayoyin. "Na ce mashi, Malam Sanda, akwai yarinya kwance fa, na ji tarinta. Ya ce ɗan kaɗan ne, ba ya tsallake bango, kuma masu jera buhu ba su dawowa gobe." Ta ce tana tsaye ya sa kwaɗo ya hau babur ɗinsa ya fita.

Ashe ya sani. Ban nemi ransa ba, ban nemi 'yan sanda ba, ban nemi ko ƙwayar masararsa ba. Abu guda na sa wa rai, ya buɗe baki ya ce shi ne. Na ɗauka ƙaramin abu ne, kalma biyu.

Zaman makoki ya cika maƙil. 'Yan majami'armu, Musulmin ƙetaren rafi, dangina daga Malumfashi, kowa ya zo, kuma kowa da guzuri iri ɗaya. Fibi sai haƙuri. A yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya. A kan abin da ya shafi Allah mutanen nan ba su taɓa yarda da juna ba, amma a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya. Ban ga laifinsu ba, gaisuwar mutuwa ke nan. Sai ga Sanda ya shigo cikin ayarin maza, ya tsuguna nesa kaɗan, ya ce, "Fibi, sai haƙuri. Abin ya zo da ƙarar kwana."

Wato gaisuwar da mai sayar da kalanzir ya yi mini, ita ya yi mini. Ban amsa ba. Aka ce baƙin ciki ne ya ɗaure mini baki.

A kwanakin nan na zauna na juya kalmar nan kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ku ma ku duba ta. Mutum ya taka ka, maimakon ya faɗi abin da ya yi, sai ya ba ka aiki. Yi haƙuri. Shi ya yi nasa ya gama, saura naka. Har cewa ake ya ba ka haƙuri, sai ka ce goro ya kawo maka. Wanda aka miƙa wa abu ya ƙi karɓa kuwa, ai shi ne marar mutunci. Kalmar da mai shago ke gaya maka in gishiri ya ƙare, da wadda kwandasta ke faɗa in ba canji, ita ce dai aka auno mini a kan 'yata, ba a ko ƙara mudu ba.

Da aka watse na tambayi Monday a ɗaki, "Maigida, wa ya sa maganin?"

"Ai kin sani an sa."

"Na sani. Wa ya sa?"

"Fibi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

Da farko na ɗauka rufa wa ɗan'uwansa asiri yake yi. Daga baya na gane abin ya fi haka muni. Monday mutum ne mai gaskiya, yana son 'yarsa, na sha ganinsa a gindin ɗorawa yana share hawaye. Amma tun ranar da ya ce wa likita an sa, hannun Sanda ya goge daga idonsa. In yana ba baƙo labari, sai ka ji maganin ya shiga buhu, ƙofa ta rufe, iska ta tsallaka, yarinya ta shaƙa. Komai na tafiya da ƙafarsa. Ba ƙarya yake yi ba, haka yake ganin ranar. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce maƙaryaci nake aure.

Na daina gaida Sanda. A gidan Bahaushe kuwa wannan ya fi kisan kai saurin jawo taro. Yarinya ta mutu ba a kira zama ba, amma da na wuce wan miji ban durƙusa ba, cikin mako aka tara dattawan ikilisiya a gindin mangwaron majami'a. Baba Fasto na tsakiya, ga Sanda da matarsa Mairamu, ga Monday, ga ni a kan tabarma.

Aka yi addu'a. Aka yi wa'azi a kan gafara mai tsawo. Sannan aka ce Sanda ya yi magana. Ya gyara hula ya ce, "To ni dai, in na ɓata maki rai, ki yi haƙuri."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani har ya ce madalla, babba ya sauko. Kun ji fa. In. Ya rataya maganar a kan in kamar mai shanya wanki.

Na ce, "Yaya, ba raina ka ɓata ba. Tambaya gare ni. Wa ya sa maganin ran Juma'a?"

Wani dattijo ya ce, "Ke 'yar nan, an ba ki haƙuri."

"Na ji, Baba. Haƙurin mi aka ba ni? In yafe, mi zan yafe, kuma ma wa?"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayin ne ya sa kwaɗo ya hau babur?"

Mairamu ce ta cafe maganar. Ta ce tunda abin tone-tone ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. "Ke kika bar yarinya ba lafiya kika tafi auduga. Ke kika ja mata ƙofa."

Sai ga An ya yi tafiya. Da aka zo kaina ba wanda ya ce an tafi gona, an ja ƙofa. Ke, ke, ke, tsaf kamar an ƙirga mini tsabar wake a tafin hannu. Ashe bakin namu ya iya nuna mutum, zaɓen wanda zai nuna yake yi. Na ce ƙwarai, ni na tafi, ni na ja ƙofa, kuma da shi nake kwana da shi nake tashi. Na faɗi nawa, saura wani ya faɗi nasa. Sanda ya kafa wa takalminsa ido.

Na ce a kira Hajo. Aka aika, ta zo tana rarraba ido, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ita dai ta ga ana sa magani, ta kuma ji an ce akwai yarinya. Wa ya ce, wa aka gaya wa, ta ce an kwana biyu ba za ta iya rantsuwa ba. Da za ta tashi ta dafa kafaɗata ta ce, "Fibi, ki yi haƙuri." Ban riƙe ta a zuci sosai ba. Mace ce mai cin abinci da waken gidan.

Hukunci ya fito a ranar. Tunda an ba ni haƙuri a gaban ikilisiya na ƙi karɓa, an sa ni a horo. Bencin baya zan riƙa zama, ba ni ba Jibin Ubangiji, gurasar da ake rabawa a majami'a, sai na shirya da ɗan'uwana. Ranar Lahadi ina can baya tare da wata yarinya da ta yi cikin shege da wani da aka kama da buhun takin mutane, ina hangen Sanda a gaba yana karɓar gurasa da hannu biyu.

Baba Fasto ba mugun mutum ba ne. Ya same ni wata rana ina sussukar dawa ya zauna a kan turmi. Ya ce, "'Yata, na san abin da kike son ji. Amma in ya faɗa, gidan nan ya rabu ke nan. Da wane ido Monday zai dube shi? Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Na ce, "Baba, ni aka ba dutsen, ni aka ba icen, ni ke hura wutar. Shi mi zai yi?"

Ya miƙe, ya ce zai sa ni a addu'a.

Matan zumuntar majami'a suka fara kirana marar haƙuri, daga baya sunan ya bi ni har rijiya. Duk wadda ta faɗa, ta gama shari'ar a ranta, don marar haƙuri ba ya da gaskiya ko da an yanka shi. Sunan Angela ya ɓace daga maganar ɗungurungum. Labarin ya koma na matar Monday mai riƙo. Kaka ta zagayo, Sanda ya sake cika ɗakin nan da masara. Wannan karon ya aiko Mairamu ta ce za a sa magani, a kula. A ranar na ɗaure kayana na goya ɗana na tafi wurin yayata Matta a Malumfashi.

Monday ya zo biko ba sau ɗaya ba. Kullum da ɗan ƙunshin tsire, kullum da magana ɗaya. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce ya ba ni haƙuri a madadin gidan gaba ɗaya. Na ce masa ba na son na gidan gaba ɗaya, gida bai ɓare ƙwaya ba. Ran da wansa ya ce shi ne, ko a kunne ya raɗa mini, zan dawo da ƙafata. Ina son mijina, kada ku ɗauka ba na sonsa. Yana tafiya nake shiga bayan ɗaki in yi kuka in wanke fuska in koma bakin kaskon doya da muke soyawa ni da Matta.

Damina biyu ta wuce a haka. Sai labari ya zo Sanda ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, ciwon ƙoda. Aka kai shi Funtua, aka daɗe, daga baya aka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san fassarar wannan. Wata safiya Monday ya zo ba tsire, ya ce, "Yaya na kiranki. Ke kaɗai yake ambato."

A bayan babur na shirya amsata. Shekara biyu ina tanadinta, na san ta kamar sunana. In ya faɗa zan ce, na ji, Yaya. Zan kira sunan 'yata da ƙarfi a gabansu duka. Zan gaya masa yadda na same ta a ƙasa, da abin da ta ce mini. Sannan in ce gafara ba ta nuna ba tukuna, yau aka shuka ta, a ba ni lokaci. In kuwa haƙuri ya sake miƙo mini, in juya in fita. Har muka wuce Ƙarfi ina maimaitawa.

Ɗakin cike yake. Baba Fasto, dattawa, Mairamu a gefen gado tana masa fifita. Da ƙyar na gane shi. Ƙaton mutumin nan mai ɗaga buhu shi kaɗai ya koma fuska kumburarra a kan ƙasusuwa, leɓe duk ya tsage. Ƙafafuna suka durƙusa da kansu kamar yadda suka saba.

Ya ce, "Fibi."

"Na'am, Yaya."

Mairamu ta ce, "Haƙuri yake son ba ki."

Ya ɗaga hannu ya tsai da ita. Ya daɗe yana neman numfashi. Sannan ya ce, a fili, kowa na ji, "Ni na sa. Hajo ta faɗa mani tana ciki. Na ji tarinta da kunnena. Ni na kashe Angela."

Hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Babba ne, kwance, yana kuka a gabana, yana kallona. Duk abin da na tanada yana nan a ƙirjina, ina jin nauyinsa. Amma bakina ya riga ni. Abin da aka koya masa tun ina tatata, abin da yake faɗa in an taka ni a kasuwa, in an zubar mini da miya, shi ya fito, a tausashe, da ladabi.

"Ba komai, Yaya."

Mairamu ta rangaɗa guɗa. Baba Fasto ya ɗaga hannu sama ya ce a gode wa Ubangiji, kowa ya ji da kunnensa. Monday ya faɗi a gwiwa ya riƙe hannuna yana kuka. Na buɗe baki in ce ku tsaya, ba haka nake nufi ba, amma an riga an ɗauki waƙa, magana kuwa zarar bunu ce. Sanda ya lumshe ido, fuskarsa ta saki.

Ina durƙushe ina jin ana miƙa labarin waje, daga bakin ƙofa zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa zaure, inda maza ke jira. Fibi ta ce ba komai. Ta ce ba komai. Yarinyata ke nan, 'yar aji biyu, a bakin uwarta.